Na'ura 20 kacal: ina za a kafa su a titunan Legas?

Bashir Ketu:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema, musamman wajen iyayenmu da yayyenmu da suke kwana su tashi a kan titi. Karatun tsara sufuri nake yi, kuma aikin da aka ba ni shi ne: a ƙaddara an sayo na'urori 20 na ƙirga abin hawa, ina za a kafa su a Legas domin a gane yadda jama'a ke kai da komo, a san inda ya dace a ƙara titi ko layin bas? Ni dai na shimfiɗa taswira na zuba su inda na san ana shan wuya: gadar Third Mainland, gadar Eko, gadar Carter, Berger, Oshodi, Mile 2, Costain, Obalende da sauransu. Titin Ikorodu kaɗai na ba shi huɗu: Ketu, Ojota, Maryland, Fadeyi. Da malamina ya duba sai ya ce, "Motar da ta wuce Maryland ita ce za ta wuce Fadeyi, sau nawa kake son ka ƙirga ta?" Ya miƙo min takardata. Tun jiya nake juya maganar a raina.

Alhaji Garba Mai Tirela:
Wa'alaikumussalam. Ɗana, kafin a je ko'ina, wannan na'urar taka ita ce kyamarar nan da ke karanta lambar mota ta turo wa mutum tara a waya? In ita ce, ni shawarata a rage ba a ƙara ba.

Injiniya Nura:
A'a Alhaji, aikinsu daban. Waccan ta hukunci ce, ruwanta da wane ne. Wannan ta lissafi ce, ruwanta da guda nawa ne. Kuma iri-iri ce. Akwai wadda ake tsaga kwalta a binne waya a zagaye, in ƙarfen mota ya hau kanta sai yanayin maganaɗisun wayar ya canja, akwatin da ke gefen titi ya rubuta ɗaya. Akwai tiyon roba da ake shimfiɗawa a gicciye, taya ta taka, iska ta buga, a ƙirga. Wannan na kwana biyu ne zuwa mako, ba ya daɗewa. Akwai rada da ake ɗaurawa a kan turke tana auna gudu da yawa. Sai kyamara mai manhaja da ke bambance danfo, wato ƙaramar bas ta haya, da tirela da keke mai ƙafa uku. Gaskiya ne kyamarar lamba ma tana da amfani ga tsari, don in ta ga mota a Berger ta sake ganinta a Ojota an san minti nawa tafiyar ta ci, amma wannan sai da doka mai ƙarfi a kan sirrin mutane.

Sale Mai Keke:
Yallaɓai Injiniya, wannan wayar da ake binnewa, a tsakiyar layi ake sa ta ko?

Injiniya Nura:
E, kowane layi da tasa.

Sale Mai Keke:
To ai an yi asara. Wa ke bin layi a Iyana Ipaja? Titi mai layi uku mu kan mayar da shi biyar. Danfo rabinsa a nan rabinsa a can, babur kuwa a kan farin fentin yake tafiya. Ko dai ta ƙirga danfo ɗaya sau biyu ko babur ya wuce ba ta ji ba. Ga ruwa. In damina ta kankama wajen watan Yuni da Yuli, kwaltar da aka tsaga ai nan ruwa zai fara shiga.

Injiniya Nura:
Ka faɗi gaskiya Malam Sale, ban da abin cewa. Shi ya sa a wurarenmu abin da aka ɗaura a sama ya fi abin da aka binne a ƙasa. Wayar ta fi dacewa da inda titi ke tilasta wa mutum ya tsaya a layinsa, kamar layin da aka killace wa manyan bas-bas na BRT.

Malam Habu Obalende:
Ni dai a ganina gadojin nan uku ba a taɓa su, Bashir ya yi daidai. Duk wanda zai shiga tsibirin Legas da mota daga cikin gari, ko Carter ko Eko ko Third Mainland, babu ta huɗu. Na'ura uku sun ba ka kusan dukan labarin safiyar Legas. Kuma ku tuna lokacin da aka rufe wani sashe na Third Mainland a 2020, da kuma gyaran farkon 2024. Gada mai tsawon kilomita 11.8, wadda tun 1990 take ɗauke da mu, da aka taɓa ta kowa ya ji a jikinsa har wanda bai taɓa hawanta ba. Da akwai ƙirge mai kyau a kan sauran biyun da titin Herbert Macaulay, an san dalla-dalla inda motocin suka koma.

Injiniya Nura:
Wannan dabara tana da suna a wajen masu tsari. Ana neman wani shinge na halitta, kogi ko layin dogo, wanda ba a ƙetare shi sai ta 'yan wurare, sai a tsare kowace mashiga. Legas ta yi sa'a a nan, ruwa ya yi mana rabin aikin. Amma sharaɗin shi ne kada a bar ƙofa ko ɗaya a buɗe.

Sadiya Ajah:
To akwai ƙofar baya kuwa, Malam Habu. Mu da ke Ajah mun san ta. Titin Lekki zuwa Epe ya ɓulle ta gadar Epe, daga can ka kama hanyar Ijebu Ode ko ta Itoikin zuwa Ikorodu. Mutum na iya shigowa Victoria Island daga Ogun bai taka ko ɗaya daga gadojin ukun ba. Tun da aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Lekki a Janairun 2023, ga matatar Dangote da aka ƙaddamar a Mayun shekarar, manyan motoci sun ƙaru a ɓangaren nan ƙwarai. Jerin Bashir ko guda ɗaya babu bayan Obalende. Kamar ba mutane a nan. Sannan ga masu shiga jirgin ruwa daga Ikorodu, waɗanda ba su taka kwalta ba sai sun sauka.

Bashir Ketu:
Wallahi Anti Sadiya ban kawo Epe a raina ba ko kaɗan. Na karɓa.

Alhaji Garba Mai Tirela:
To tunda ba ta tara ba ce, bari in yi magana. Shekara ta fi ashirin ina shiga tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Tin Can. Kafin a kawo tsarin Eto a 2021, wanda sai an kira ka ta waya kafin ka doshi tasha, na sha kwana a kan gadar Ijora ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Mu shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin mota, yaron mota ya dafa shayi a risho, mu yi sallah a gefen taya. Akwai ranar da tun asuba har la'asar ban matsa tsawon motata biyu ba. Yanzu ka gaya min, Injiniya: in na'urarku tana ƙarƙashin motata a ranar, me za ta rubuta? Mota biyu ta wuce a wuni guda. Wanda ke ofis ya duba takarda ya ce titin nan ai babu kowa a kansa, ba ya bukatar komai. Alhali layin ya kai har filin wasa na Surulere.

Injiniya Nura:
Alhaji, Allah ya ƙara girma. Abin da ka faɗa shi ne kuskuren da ya fi kowane yawa a wannan aiki, kuma Bashir, ka rubuta shi da jan biro. Na'urar ƙirga abin da ya samu wucewa take gani, ba abin da yake son wucewa ba. Adadi kaɗan na iya nufin titi fayau, yana iya nufin titi a cushe tam. Abu biyu ke warware wannan. Na farko, na'urar ta riƙa auna gudu da kuma tsawon lokacin da mota ta zauna a kanta. In adadi ya faɗi amma zaman ya yi tsawo, an san gosulo ne. Na biyu, kuma shi ne amsar tambayarka ta asali, ba a cikin maƙogwaron cunkoso ake kafa ta ba. Ana ja da baya ne zuwa inda wutsiyar layi ba ta cika kaiwa ba, inda motoci ke isowa da gudunsu. Nan za ka ga ainihin masu nema. Sai a sa wata bayan an fita daga matsatsin, a ga nawa yake iya fitarwa. Bambancin biyun shi ne layin da Alhaji ya kwana a ciki.

Saboda haka "inda ake shan wuya" da ka bi ka zuba na'urorinka, ba laifi ba ne a matsayin mafari, amma ka matsar da kowace. Kada ka sa a bakin tashar danfo, kada ka sa inda motoci ke saƙa suna canja layi, kada ka sa a ƙofar gidan mai. Miƙaƙƙen wuri tsakanin mahaɗa biyu ake nema.

Alhaji Garba Mai Tirela:
Kuma a daina ƙirga ni daidai da ƙaramar mota. Tirela ɗaya mai kwantena wurin mota nawa take ci?

Injiniya Nura:
Ba a yi daidai ba in an yi haka. Ana mayar da kowane abin hawa zuwa ma'aunin ƙaramar mota, babbar mota ta ci biyu ko uku ko fiye, babur ya ci ƙasa da ɗaya. Ga kuma lalata titi, wanda ya fi haka nisa: gwajin da aka yi a Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna in nauyin da ke kan gatari, wato ƙarfen da ke riƙe da tayoyi, ya ninka biyu, ɓarnar da yake wa kwalta tana ninkawa wajen sau 16. Don haka a titin Oshodi zuwa Apapa da na Epe, ni da za a ji tawa, sikelin da ke auna nauyi mota na tafe zan sa, ba mai ƙirge kawai ba.

Hajiya Binta Mile 12:
Salamu alaikum. Tun ɗazu nake karantawa, ban so in yi magana ba, amma abin ya taɓa ni. Ɗana Bashir, kwanakin baya na ga wasu yara da riguna masu ƙyalli zaune a gadar masu ƙafa da takarda suna ja-ja da biro, aka ce min ƙirgar motoci suke. Sun zo bakwai na safe, sun tashi kafin magariba. Na ce oho, sun zo bayan an ci kasuwa. Kayan gwari da ke ciyar da garin nan da dare suke shigowa. Tumatir daga Kadawa da Ɗanja, albasa daga Aliero, attaruhu, dankali daga Jos, motocin sun kwana biyu a hanya, su shigo ta Berger tsakar dare, kafin kiran assalatu ana sauke kwanduna a kasuwar Mile 12 da fitila a goshi. Ƙarfe biyar ƙananan motoci da keke sun cika sun watsu, wannan Oyingbo, wannan Ajah, wannan Agege. Wanda ya fara ƙirge da bakwai bai ga ko ɗaya ba. Sai a zo a yi tsari a manta da wurin da babbar mota za ta tsaya, a manta da faɗin da za ta juya, gobe kuma a ce 'yan kasuwa ne suka tare hanya.

Sale Mai Keke:
Hajiya ta gama magana. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Hajiya Binta Mile 12:
Kuma ba kullum ɗaya ba. Lokacin rani da tumatirin noman rani ya fito ba daidai yake da tsakiyar damina ba. Makon babbar sallah kuwa ka je Kara ka ga motocin raguna, ka je Oko-Oba. In ka ƙirga a mako mara kyau ka ɗauka shi ne shekara, ka yaudari kanka.

Injiniya Nura:
Hajiya, wannan shi ne dalilin da ya sa ba a kafe duka 20 a wuri ɗaya har abada. Ana zaɓar 'yan kaɗan su zauna dindindin, dare da rana, shekara cur, domin su koya maka yadda Litinin ta bambanta da Asabar, da yadda Disamba ta bambanta da Yuni. Sauran kuma su zama masu yawo, mako guda a nan mako guda a can, sai a gyara adadinsu da abin da na dindindin suka nuna. Berger lallai ta dindindin ce. Ban da kayan gwari, akwai Juma'o'in da manyan sansanonin ibada na kan hanyar Ibadan ke taro, titin yakan canja kamanni gaba ɗaya.

Auwal Computer Village:
Ku yi haƙuri, ni fa ina ganin duk wannan tsohon yayi ne. Kowa da waya a aljihu. Google Maps na nuna maka ja da kore a kowane titi kyauta. Me ya sa za a kashe kuɗi a kan ƙarfen da ɓarayi za su kwance batirinsa cikin wata ɗaya?

Bashir Ketu:
Yaya Auwal, wannan kam mun yi shi a aji. Taswirar waya gudu take nunawa, ba adadi ba. Ja na gaya maka ana tafiyar hawainiya, ba ya gaya maka mota 500 ce ko 5,000, kuma ba ya cewa tirela ce ko danfo.

Auwal Computer Village:
Amma kamfanonin layin waya sun san daga wace unguwa mutum ya tashi da inda ya yini. Wannan ai ya fi ƙirge a wuri ɗaya.

Injiniya Nura:
Ya fi ta wani ɓangare, ban musa ba. Don sanin mafari da maƙurar tafiya yana da kyau sosai. Amma samfur ne, kuma samfurin yana karkata. Mai waya biyu ya zama mutum biyu, yaro ɗan makaranta mara waya ya ɓace, sannan hasumiyar waya ba ta iya bambance wanda ke kan babban titi da wanda ke layin gefensa. Sai an samu wuraren da aka ƙirga da gaske a daidaita shi da su. Zancen ɓarayi kuwa gaskiyarka. Na taɓa aiki a wani wuri da muka kafa akwati a ƙasa, ba a yi sati uku ba muka tarar da shi wayam. Wuri mafi kyau a taswira in babu wuta, babu tsaro, kuma ruwa na kwanciya, to ba shi ne mafi kyau ba. A ɗaga sama, a sa sola, a kusanta da inda ido ke kai.

Bashir Ketu:
Injiniya, to maganar malamina fa? Huɗun titin Ikorodu?

Injiniya Nura:
Yana da gaskiya rabi da wani abu. Lissafin shi ne abin da ya shiga mahaɗa dole ya fita. Misali mota 1,000 sun doso, ka ƙirga 600 sun miƙe, to 400 sun karya, ba sai ka sayi na'ura ta uku ba. A 1998 wasu masana biyu, Yang da Zhou, sun tsara ƙa'idoji huɗu da har yau ake koyarwa: kowace tafiya daga wata unguwa zuwa wata ta bi ta kan aƙalla na'ura ɗaya, a zaɓi titin da ke ɗauke da kaso mafi girma na wannan tafiyar, jimillar na'urorin su tare motoci mafi yawa, kuma kada wata ta maimaita abin da za a iya cirowa daga sauran. Ta ƙarshen ce ka taka.

Inda na ɗan saɓa da shi: titin Ikorodu ba bututu ba ne. Tsakanin Ketu da Ojota akwai mahaɗar hanyar Ibadan da ta Oworonshoki, a Maryland wasu sun nufi Ikeja, a Anthony wasu sun hau hanyar Oshodi ko Gbagada, ga lunguna ba iyaka. Motoci na ɓacewa suna ɓullowa. Kuma in ka dogara da ragi kaɗai, na'ura ɗaya ta yi kuskure duk lissafin da ya rataya a kanta ya karkace ba ka sani ba. Ni zan bar biyu, ɗaya kafin Mile 12 daga ɓangaren Ikorodu, ɗaya wajen Fadeyi.

Malama Rabi Agege:
Ina da tambaya ɗaya. Motoci kuke son ku sani ko mutane? Ina koyarwa a Oshodi, kullum ina hawa BRT ta Abule Egba tun da aka buɗe ta a 2020. Bas ɗaya cike maƙil da mu, gefenmu jif da mutum ɗaya a ciki. Na'urarku za ta ce ɗaya da ɗaya. In da wannan za a yi tsari, kullum mai jif ne zai ci, don su ne suka fi yawa a ido. Masu tafiya a ƙasa fa? Ku tsaya a gadar masu ƙafa ta Oshodi ko Ikeja Along da safe ku gani. Ɗalibaina da yawa ƙafa ce motarsu.

Malam Habu Obalende:
Ai LAMATA, hukumar sufuri ta Legas, na da adadin masu BRT da jirgin ƙasa ta Cowry, katin biyan kuɗin mota.

Malama Rabi Agege:
Na wanda ya taɓa kati. Danfo da korope, wato 'yar ƙaramar bas, da keke tsabar kuɗi ne, kuma su ne suka fi ɗaukar jama'a. Babu katin da ya san su.

Sale Mai Keke:
Haka ma babur. Tun da aka hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida a Yunin 2022, aka ƙara huɗu a Satumba, fasinjojin ba ɓacewa suka yi ba. Wasu sun dawo keke, wasu ƙafa, 'yan'uwanmu da yawa kuma sun koma Alimosho da Ojo da Ikorodu da bakin iyakar Ogun. In duk na'urorin suna kan manyan tituna, wannan ƙaura ba wanda zai gan ta. Ga Alimosho, ƙaramar hukumar da ta fi kowace yawan jama'a a ƙidayar 2006, ban ji an ambaci Ikotun ko Egbeda a jerin ba.

Injiniya Nura:
Na'ura ba ta leƙa cikin danfo, sai an haɗa da mutane masu ƙirga fasinja a wasu ranaku a daidai inda take, a samu matsakaicin mutum nawa ke cikin kowane irin abin hawa. Wani abu kuma da maganar Malama ta tuna min: a kafa kafin a yi aiki, ba bayan an gama ba. Jirgin ƙasa na Blue Line ya fara ɗaukar fasinja daga Marina zuwa Mile 2 a Satumbar 2023, Red Line daga Agbado zuwa Oyingbo a Oktoban 2024. Wanda ke son ya san ko sun rage motoci a titin Badagry da titin Agege, sai yana da ƙirgen da aka yi kafin su fara. Ana ci gaba da shimfiɗa Blue Line zuwa Okokomaiko, don haka yau ne ranar sa na'ura a wancan sashen.

Bashir Ketu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Ga yadda na sake zubi. Takwas na dindindin: gadoji uku, Berger, hanyar Abeokuta wajen tsohon tolget, hanyar Badagry bayan Mile 2, titin Epe, da titin Ikorodu kafin Mile 12. Biyu masu auna nauyi, Apapa da Epe. Huɗu kyamarori masu ganin keke da masu ƙafa: Oshodi, Ikotun, Agege, Fadeyi. Shida masu yawo.

Malam Habu Obalende:
Gadar Lekki zuwa Ikoyi da Falomo fa? Ka bar tsakiyar tsibiri ba ko ɗaya. Ban yarda ba.

Sadiya Ajah:
Masu yawo su fara da can, Malam. Amma Epe kam kada a taɓa.

Malam Habu Obalende:
To a cire Carter daga dindindin a ba Falomo.

Injiniya Nura:
A'a, in ka cire Carter shingen ya ɓule, sauran biyun sun rage daraja. Bashir, bar shi haka, amma ka rubuta dalilin kowace a gefenta, shi malaminka zai fi dubawa.

Hajiya Binta Mile 12:
Ɗana, kafin ka miƙa takardar ka zo ka gani da idonka. Daren Lahadi wayewar Litinin, ƙarfe uku, ka tsaya ta ƙofar 'yan albasa ka ce Hajiya Binta. Zan sa yaro ya ajiye maka benci inda za ka ga masu shiga da masu fita. Ka taho da rigar sanyi da biro biyu.

Bashir Ketu:
In sha Allahu ina nan tafe, Hajiya. Alhaji Garba, in da hali ranar da za ka shiga Tin Can ina so in bi ka.

Alhaji Garba Mai Tirela:
Sai an kira lambata. In an kira zan sanar da kai tun da dare, ka same ni a garejin Ojota.